Tsiron Dawa da Wurin Zama: Abin da Ƙananan Masana'antun Giya na Birane Ke Nuna wa Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata sana'a da ta yaɗu a manyan biranen duniya, wato ƙaramar masana'antar giya mai haɗe da mashaya da gidan abinci, ta kuma auna ta da yanayin Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, inda addini da doka suka haramta giya. Hujjar maƙalar ita ce, jarin irin wannan masana'anta bai tsaya ga barasa ba. Akwai ilimin sarrafa tsiron hatsi, akwai kuma wurin zama mai tsabta, kuma duka biyun muna da tushensu a hannun mata masu kunun zaƙi. Abin da ya rage shi ne a san iyakar da ke tsakanin kunu da giya, a gyara ruwa da sanyi, a riƙe ribar dawa a ƙasar da ta nome ta.

Gabatarwa

 Na san akwai wanda zai ga kan maganar nan ya ce me ya haɗa Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, da zancen giya. Ina roƙon a ba ni aron kunne zuwa ƙarshe. Ban zo neman a buɗe mashaya a Tambuwal ba, ba kuma zan goyi bayan wanda ya nemi hakan ba. Na zo ne da maganar dawa, da maganar matan da ke jiƙa ta, da kuɗin da ke bin bayanta zuwa wasu garuruwa.

A ƙarshen shekarun 1970, kamfanonin giya a duk Amurka ba su kai 100 ba, manya sun haɗiye ƙanana. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum damar dafa tasa giyar a gida, daga nan masu gwaji a gareji suka fara buɗe ƙananan masana'antu, har yau adadinsu ya haura 9,000. A Ingila ma akwai ƙungiyar CAMRA, wadda aka kafa tun 1971 don kare giyar gargajiya daga ta manyan kamfanoni. Tsarin ƙananan masana'antun nan kusan iri ɗaya ne ko'ina: tukwanen ƙarfe a bayan gilashi inda mai saye ke ganinsu, famfunan zubawa a gaba, kicin a gefe, tebura a tsakiya. A Nijeriya kamfanin Bature Brewery ya fara irin wannan a Abuja a 2017, daga baya ya kafa mashayarsa a unguwar Victoria Island ta Legas. Wanda ya shiga irin wannan wuri yana biyan ninkin kuɗin kwalbar kanti, saboda ya ga inda aka yi abin, ya san wanda ya yi shi, kuma ya sami inda zai zauna da abokansa. Wannan shi ne ɓangaren da ya shafe mu.

Giya a tarihin yankin

Ƙasar Hausa ta san giya tun kafin kwalba. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1946 kan Maguzawan ƙasar Kano, ya nuna matsayin giyar dawa a bukukuwansu da tsafinsu. A kudu da Kebbe, cikin ƙasar Zuru, Dakarkari sun daɗe suna dafa burukutu don gayya da aikin golmo da bikin Uhola, haka ma Kambarin ƙasar Yawuri. Mata ne masu wannan sana'a kusan ko'ina a Afirka ta Yamma, har Burkina Faso inda masu dafa giyar dolo suke da ƙarfi a kasuwa. Idan aka duba da kyau, gidan mai burukutu shi ne ainihin ƙaramar masana'anta mai mashaya da abinci: a nan ake dafawa, a nan ake sha, ga mai tsire ko mai farfesu a bakin ƙofa.

Jihadin 1804 ya sauya wannan a ƙasar Sakkwato. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi har da ci da shan abin da shari'a ta hana. Tambuwal kuwa gari ne na gidan Shehu, don haka ba wuri ba ne da giya za ta sami gindin zama a fili. Da Turawa suka zo, yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta riga ta hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, kuma dokar giya ta 1917 ta bar yawancin Arewa a matsayin yankin hani. Simon Heap ya nuna a nazarinsa na 1998 cewa hanin bai hana fasa-ƙwauri ta jirgin ƙasa ba, bai kuma taɓa tukunyar burukutu a ƙauyukan da ba na Musulmi ba. Dokar Final Kod ta 1960, a sashe na 403, ta haramta wa Musulmi shan barasa. Sai kuma Oktoban 1999, lokacin da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, Sakkwato ta bi sahu a 2000 a zamanin Attahiru Bafarawa. Tun daga nan abin da ya rage na giya a jihar ya koma kasuwannin bariki da bayan fage.

Wannan tarihi ya rufe ƙofar masana'antar giya a Tambuwal da Kebbe, kuma jama'ar wurin su suka so hakan. Sai dai akwai abin da tarihin bai kawar ba, wato ilimin tsiro.

Tukunya biyu, hanya ɗaya

A nan nake son in daɗe, domin a nan matsalar take, a nan kuma damar take.

Mai burukutu takan jiƙa dawa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa ta rufe da ganye ko buhu, tana yayyafa ruwa har kwana uku zuwa biyar. Dawar ta fid da tsiro. A cikin ƙwayar da ta tsira ne ake samun sinadarin amilas, wanda aikinsa shi ne narka sitaci ya mai da shi sukari. Sai ta shanya, ta niƙa, ta dama da ruwa, ta dafa, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa na tsawon sa'o'i. Idan ya huce sai ta zuba ragowar tsohuwar giya, wadda ke ɗauke da yis. Yis ɗin ne ke cinye sukarin ya fid da barasa da kumfa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfin barasar burukutu yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Fito ɗan'uwansa ne, sai dai an fi tace shi.

To, mu dubi mai kunun zaƙi a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi. Ita ma jiƙa gero ko dawa take yi, ta kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. Ta raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Sai ta dakata ya ɗan huce, kafin ta zuba ɗanyen kason tare da dankalin Hausa ko tsiron shinkafa ko na dawa. Nan da nan kaurin ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito. Ta rufe ya kwana, da safe ta tace. Dakatawar nan da take yi kafin ta haɗa, ita ce dai abin da injiniyan masana'anta ke yi da ma'aunin zafi, domin amilas yana mutuwa idan zafi ya yi yawa, ba ya kuma aiki sosai idan abin ya yi sanyi. Ita da bayan hannunta take aunawa, kuma ba kasafai take kuskurewa ba. Tsamin da ke fitowa da safe aikin ƙwayoyin bakteriya ne masu samar da tsami irin na nono, ba barasa ba ne.

Wato matan biyu hanya ɗaya suka bi har zuwa inda sitaci ya zama sukari. A nan suka rabu. Ɗaya ta sa yis da gangan ta ba shi lokaci, ɗaya ta tace ta kai kasuwa a ranar. Amma yis yana yawo a iska, yana maƙale a jikin randa da rariya. Kunun da ya wuni cikin gorar roba a zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, yakan fara kumbura gora. Masu saye su ce ya yi tsami, ko ya tashi. Gaskiyar magana ita ce ya kama hanyar zama abin da aka hana.

Malamanmu ba baƙin wannan tambaya ba ne. A Sahihu Muslim akwai labarin wani mutumin Yaman da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abin shan da suke yi da dawa mai suna mizru, kuma amsar ta rataya ne ga ko yana bugarwa. Akwai kuma ruwayar Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah zabibi ya sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Ƙa'idar mazhabar Malikiyya a fili take: abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma haddin mashayi bulala 80 ne. Saboda haka hukunci ba ya buƙatar gyara. Abin da ke buƙatar aiki shi ne awo. Kwana ukun da aka ambata na jiƙon zabibi ne, ba na kunun da aka riga aka cika da sukarin tsiro aka ɗura a roba ba. Ina ganin wajibi ne masana kimiyyar abinci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da malaman fiƙihu, a auna kunun gero da na dawa sa'a bayan sa'a, a inuwa da cikin ƙanƙara, da rani da hunturu, a fito da bayani da Hausa wanda mai kunu za ta iya aiki da shi. Mace mai tsoron Allah da ke neman halalinta ta cancanci a faɗa mata lokacin da kayanta ke sauya hali.

Akwai wani abu game da tsiron dawa da bai kamata a tsallake ba. Saiwa da kan tsiron suna ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama guba ta sayanaid. Makiyaya sun san haka tun tuni, shi ya sa suke kore dabba daga gyauron dawa. A murje busasshen tsiro a sheƙe saiwar kafin niƙa, sannan a dafa sosai, shi ne maganin abin. Dawar da aka rufe da laima fiye da kima kuma takan yi fumfuna, wadda ke iya haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta.

Inda dawarmu ke zuwa

Kamfanin Nigerian Breweries ya kafu a 1946, ya fito da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'antar Kaduna a 1963. Shekara da shekaru da tsiron sha'ir na Turai ake aiki. A Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi, dole kamfanoni suka juya ga dawa da masara. Irin dawa na SK5912, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, ya zama abin nema. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya nuna, kuma amilas ɗinta bai kai na sha'ir ƙarfi ba, amma masana Nijeriya suka shawo kan matsalar. Daga baya an sassauta hanin, sai dai dawa ta riga ta zauna. Yau akwai manyan masana'antun tsiron dawa a Aba da Kaduna, kuma da ita ake yin giya da lemon malt irin su Maltina da Malta Guinness, waɗanda muke saye a bikin aure da suna.

Nijeriya tana noma tan miliyan 6 zuwa 7 na dawa a shekara, tana cikin na gaba-gaba a duniya. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum kimanin 225,000, Kebbe kuma kimanin 125,000, kuma mafi yawansu da gero da dawa da shinkafar fadama suka dogara. Manomi yakan sayar da buhu da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, saboda bashi da hidimar aure. Buhun ya hau mota, ya bi hannun dillalai, wani ɓangarensa ya dawo cikin gwangwani da tsadar da ta ninka sau da yawa. Wannan abu yana ci mini rai. Hatsin namu ne, ilimin tsira shi ma iyayenmu mata sun riga injin saninsa, amma ribar ta wasu ce.

Akwai kuma nauyin da ke kan zuciyar manomi mai tsantseni. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse giya da shi. Wanda ya kai dawarsa kasuwa ya sayar wa duk wanda ya taya ba shi da laifi, domin bai san inda za ta ba. Amma idan aka zo da tsarin noman kwangila, inda kamfani ke ba da iri da taki ya karɓi amfanin gona, to manomi ya san mai saye, kuma yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a yi da kayansa. Idan da akwai masu tsira dawa a gida don kunu da lemon malt da garin yara, da ya sami kasuwar da ba ta da wannan shubuha.

Misalai daga ƙasashen Musulmi

Kada a ɗauka wannan mafarki ne. A unguwar Vefa ta birnin Istanbul akwai shagon boza da aka buɗe a 1876, yana nan har yau a hannun zuriyar wanda ya kafa shi. Boza da gero ake yin ta, tana da kauri da ɗan tsami, kuma tun zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya aka bambanta mai zaƙi da ake sha a fili da mai tsami da ke bugarwa. Mutane na zuwa shagon daga nesa da hunturu, su sha a tsaye ko a zaune. A Sudan kuwa, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, abin buɗe-bakin azumi shi ne hilu-mur. Da tsiron dawa ake yin sa, a haɗa da kayan ƙamshi, a bar ƙullun ya yi tsami, a gasa shi fale-fale a kan tanda, a adana. Ranar buƙata a jiƙa a tace a sha. Gasawar ta kashe yis, bushewar ta sa yana watanni bai lalace ba. Wannan dabara ta warware matsalar tashi da ta ajiya a lokaci guda, kuma ba ta buƙatar lantarki.

Gidan kunu a bakin hanya

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora. Dare da rana motoci na wucewa. Abin da matafiyi ke samu shi ne yarinya da bokiti tana bin taga, da kunu ko zoɓo a cikin gorar da wani ya sha ya yar aka tsinto aka ɗauraye. Wannan yarinya makaranta ya kamata a ce tana ciki. Uwarta kuma, wadda ita ce gwanar, tana cikin gida, ba wanda ya san sunan kununta.

Abin da nake ba da shawara shi ne wuri ɗaya, a hannun ƙungiyar mata ko ɗan kasuwar gari da zai yi tarayya da su. A samu ɗakin jiƙo da shanya, da tukwanen da ba sa tsatsa a inda mai saye zai iya leƙawa ya gani, da rijiyar burtsatse da aka gwada ruwanta, da firji mai aiki da hasken rana. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera na'urorin shanya masu amfani da rana, kuma sun dace da tsiro. A gaba a yi rumfa da tabarmi da kujeru, da ɓangaren iyali, da wurin alwala. A sayar da kunun zaƙi na gero da na kaura da na farfara, kowanne da ɗanɗanonsa, da kunun aya, da zoɓo, da lamurje, da fura da nonon Fulanin yankin. A gefe ga masa da balangu da gasasshen kifin gulbi. A rubuta sa'ar da aka tace kowace randa a jikinta, abin da ya wuce lokacinsa a ba dabbobi.

Maganar tsabta ba ado ba ce. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa. A wannan shekarar dai, a Kano, garin ɗan tsami marar kyau da aka haɗa abin sha da shi ya kwantar da ɗaruruwan mutane, wasu suka rasu. Kunu ana dafa shi, amma ruwan da ake tsinka shi da ƙanƙarar da ake jefawa ba a dafa su. Duk wanda zai ɗura a kwalba ya aika wani gari kuma sai ya bi ta hannun hukumar NAFDAC, ya koyi dumama kwalba bayan rufewa don a kashe ƙwayoyin da ke sa tashi.

Sai batun matasa, wanda shi ne ya fi damuna. Hana giya bai kawar da ƙishirwar zama da abokai ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na amfani da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma a watan Mayun shekarar gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Saurayin da ba shi da wurin zuwa bayan isha'i sai bakin tasha ko kangon gini, ya fi kusa da mai sayar da tiramadol. Ba na cewa kofin kunu zai raba kowa da ƙwaya. Ina cewa gari yana buƙatar wuri mai haske, wanda uba zai ji an ga ɗansa a can hankalinsa ya kwanta. Teburin mai shayi ya riƙe wannan aiki shekaru da yawa, amma ba ya ɗaukar mace, ba ya ɗaukar iyali, kuma madara da ganyen da yake amfani da su ba a gonakinmu aka samo su ba.

Akwai cikas, kuma ba ƙanana ba. Jarin sola da burtsatse ya fi ƙarfin mace ɗaya. Rashin tsaro a dazuzzukan da suka haɗa Kebbe da Zamfara ya hana wasu manoma zuwa gona, ya kuma rage zirga-zirgar dare. Sannan akwai haɗarin da na fi tsoro: mai kuɗi ya shigo da inji ya kwashe kasuwar, matan da suka riƙe sana'ar su koma 'yan wanke-wanke a wurinsa. Ya faru a Afirka ta Kudu, inda hukumar birnin Daban ta ƙwace sana'ar giyar dawa daga hannun mata tun daga 1908 ta mai da ita hanyar samun kuɗin shiga, har mata suka yi bore a Cato Manor a 1959. Abin shansu daban ne da namu, amma yadda aka ƙwace sana'ar zai iya maimaituwa. Don haka tun a takardar rajista ya kamata a rubuta cewa kason mallaka mafi yawa na masu dafawa ne, kuma su ne masu yanke farashin da za a sayi tsiro daga sauran matan unguwa.

Ina roƙon sashen kimiyyar ƙananan halittu da sashen nazarin addinin Musulunci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ɗauki awon da na ambata a matsayin aikin ɗalibai na zangon karatu mai zuwa, a fara da samfurin kunu daga Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, a watannin Maris zuwa Mayu da zafi ya fi tsanani.